Stehekin, inda mota ba ta zuwa da ƙafarta

Duk motar da ka gani a Stehekin a kan ruwa aka kawo ta. Babu titin da ya haɗa ƙauyen da wani gari. Mai son zuwa ko dai ya hau jirgin ruwa, ko ƙaramin jirgin sama, ko ya ɗaure takalmi ya ƙetaro duwatsu da ƙafa. Ƙauyen yana can ƙuryar tafkin Chelan ta arewa maso yamma, a jihar Washinton ta Amurka, a gindin tsaunukan North Cascades, kuma masu zama a cikinsa rani da hunturu ba su cika mutum ɗari ba. Yayana, wanda ya daɗe a Siyatil, shi ya matsa mu je a farkon watan Satumba, lokacin da zafi ya fara sauka amma dusar ƙanƙara ba ta rufe hanyoyin dutse ba tukuna.

Daga Siyatil zuwa garin Chelan tafiyar awa uku da wani abu ce a mota. Muna haye tsaunuka muka gangaro Wenatchee sai ƙasar ta sauya baki ɗaya. Yammacin duwatsun kore ne shar, kullum cikin yayyafi, gabashinsu kuwa tuddai ne masu busasshiyar ciyawa, domin hadarin da ke tasowa daga tekun Fasifik yana juye ruwansa a jikin tsaunukan kafin ya ƙetaro. Gonakin tuffa da na inabi da ke kewaye da Chelan duk da ban ruwa suke rayuwa. Garin kansa na 'yan hutu ne, otal-otal da kwale-kwalen tsere da yara masu tsalle cikin ruwa. Kwana kawai muka yi a nan.

Da safe muka hau jirgin ruwan fasinja na Lady of the Lake. Akwai mai sauri, akwai mai tafiyar hawainiya da ke cin kusan awa huɗu, kuma Yaya ya zaɓi na biyun. Na so in yi gardama, ya ce, "Malam, in sauri kake yi, ina za ka?" Kafin fasinja su shiga sai da aka gama loda kaya: kwalayen cefane da sunan mai su a jiki, buhunan wasiƙu, kekuna, akwatunan sanyi, manyan jakunkunan masu kwana a daji. Mutanen Stehekin daga kantunan Chelan suke yin odar cefanensu, a ɗaure a sa musu a jirgi. Abin da ya fi ƙarfin jirgin fasinja, irin su man fetur, katako, siminti da motoci, wani faffaɗan jirgin dako ne ke kai shi.

Tsawon tafkin ya kai kilomita 81, amma siriri ne, galibi faɗinsa bai wuce kilomita biyu ba. Zurfinsa ne abin tsoro: mita 453 a wuri mafi zurfi, na uku a duk Amurka bayan tafkunan Crater da Tahoe. Saman ruwan yana kimanin mita 335 bisa teku, wato ƙasansa ya nutse sama da mita ɗari ƙasa da bakin teku, alhali kana tsakiyar duwatsu. Tulin ƙanƙara mai tafiya ne ya ƙwaƙule kwarin tun zamanin sanyi na da. Madatsar da aka gina a Chelan a 1927 ta ƙara wa ruwan tsayin kusan mita shida.

Awa ta farko gidajen masu kuɗi ne jere a gaɓa. Sannan titunan gefen tafki suka ƙare, gidaje suka ɗauke, duwatsu suka matso suka miƙe tsaye daga cikin ruwa. A nan waya ta daina kama sabis, kuma a nan ne mutane suka fara ɗaga kai suna magana da juna. Jirgin yakan ratse wani lungu, ya kafa hanci a gaɓa, a zura tsani, mutum biyu su sauka da jakunkuna su shige cikin itatuwa. A Lucerne aka sauke jama'a da dama. Daga can wata hanya ke hawa zuwa Holden, inda aka haƙi tagulla har zuwa 1957. Bayan an rufe ma'adinin, mabiya cocin Lutheran suka mai da gidajen ma'aikatan wurin keɓewa da ibada. Gangaren da ke sama da Lucerne cike yake da ƙonannun itatuwa a tsaye, baƙaƙe da farare, ragowar gobarar Wolverine ta 2015.

Mashigar Stehekin ba wani abin a zo a gani ba ce: gadar saukar jirgi, masauki mai ɗakin cin abinci, ɗan kanti, gidan waya, sai wani tsohon gini na katako a kan tudu da ake kira Golden West. Otal ne da, an gina shi da katako da tagogin wani otal da ya riga shi, wanda aka rushe saboda ruwan madatsa zai cinye filinsa. Lokacin da muka je, jami'an gandun daji ne a ciki, suna ba da taswira da takardar izinin kwana a daji. Isowar jirgi ita ce babbar hidimar yini. Kowa ya fito, ana miƙa kwalaye hannu da hannu, tsofaffin a-kori-kura suna ja da baya, direbobin jajayen bas suna kiran masu zuwa saman kwari. Bayan awa ɗaya da rabi jirgin ya busa, ya kwashe waɗanda suka zo yini, wurin ya koma na masu shi. Wanda ya zo ya koma a jirgi ɗaya, a ganina, tafkin ya gani, bai ga Stehekin ba.

Wutar lantarkin ƙauyen daga wani ɗan injin ruwa take a rafin Company Creek, da janareto na ko-ta-kwana. Akwai makaranta guda da ke ɗaukar yara har aji takwas, daga nan sai a tura yaro wajen dangi a ƙasan tafki ko a koyar da shi a gida. Babu asibiti. Kaya a kanti da tsada, kuma ban ga laifin kowa ba, tunda ko kwalin ashana sai ya yi tafiyar kilomita 81 a ruwa.

Da lokacin azahar ya yi muka sauka bakin tafki yin alwala. Ruwan garai-garai, kana ƙirga tsakuwar ƙasa, amma sanyinsa har cikin haƙori. Sai batun alƙibla. Jikina gabas yake so, Yaya ya kamo kafaɗata ya juya ni wajen arewa, da ɗan karkata zuwa gabas. Daga wannan yanki hanya mafi kusa zuwa Makka ta saman duniya take bi, ta kan ƙanƙarar arewa. Na san haka a takarda, amma tsayawa salla kana fuskantar Kanada sai an saba. Muka haɗa azahar da la'asar, muka yi ƙasaru.

Babbar hanya ɗaya ce a kwarin, tana bin kogin Stehekin zuwa sama, kuma keken haya ya fi komai daɗi a kanta. Kimanin kilomita uku daga mashiga akwai gidan burodin da duk wanda ya taɓa zuwa yake ba da labarinsa. Burodin kirfa mai zuma-zuma ne abin da ake layi a kai, kuma ya cancanci layin. Mun tambayi abin da ke cikin kowane gashi, saboda wasu da naman alade ake yin su, matar da ke kan teburi ta nuna mana ɗaya bayan ɗaya ba tare da ƙosawa ba. Gaba kaɗan akwai tsohuwar makaranta mai ɗaki ɗaya, ta gungumen itace, wadda aka gina a 1921 aka yi karatu a cikinta har 1988. Ƙofarta a buɗe take, bencina da allo da murhun ɗumama ɗaki suna nan. Kusa da ita Rainbow Falls ke zubowa daga tsayin mita 95. A Satumba ruwan ya ragu, an ce sai a ƙarshen bazara, lokacin narkewar ƙanƙara, yake nuna ƙarfinsa. Mun duba, mun wuce.

Inda na zauna na daɗe shi ne gonar Buckner. Wani mai suna William Buzzard ne ya fara kama filin a 1889, ya sayar wa iyalan Buckner a 1910, su kuma suka dasa tuffa. Kwarin ba ya samun ruwan sama sosai da rani, don haka suka haƙa magudanai da hannu, suka janyo ruwa daga rafin Rainbow, suka rarraba shi layi-layi tsakanin itatuwa. Fiye da shekara ɗari ke nan, kuma har yau da waɗannan magudanan ake shayar da gonar, babu famfo, babu inji, gangare ne kawai ke aikin. Na bi babban magudanin da ƙafa ina kallon yadda ake tare ruwa da ɗan allon katako a karkatar da shi. Hukumar gandun daji ta sayi gonar a 1970, kuma mazauna da masu sa kai ne ke taya ta sassabe da yashe magudanai kowace shekara. Yawancin itatuwan irin da ake kira Common Delicious ne, tsohon iri da manyan gonakin kasuwa suka daina nomawa, domin bai kai jikokinsa ja da sheƙi ba. Da kaka kowa na iya zuwa ya tsinka. Mun riski tuffar ba ta gama nuna ba, da ɗan tsami, amma mun ci. Ba mu kaɗai ba: a can ƙarshen layi wata baƙar beyar ta miƙe da ƙafafun baya tana janyo reshe. Yaya ya ce, a hankali, "Kada ka gudu." Ban gudu ba, domin ƙafafun ma sun ƙi. Ta dube mu, ta ci gaba da abin da ya kawo ta, mu kuma muka ja da baya har wurin kekuna.

A ƙananan rassan kogin kuma kifin kokanee ne ya cika ruwa, jajaye jawur. Daga tafki suke haurowa a wannan wata su yi ƙwai a cikin tsakuwa, su mutu a nan. Warin matattun ya kai hanya.

Jan bas na kai mutane High Bridge, kimanin kilomita 18 daga mashiga, tafiyar kusan awa guda saboda tsaye-tsaye da gargadar hanya. Daga nan sai ƙafa. Shugaba Lyndon Johnson ne ya sa hannu a dokar kafa gandun North Cascades ranar 2 ga Oktoba, 1968, kuma a 1988 aka sa fiye da kashi 90 cikin 100 na yankin a ƙarƙashin kariya mafi tsanani, da sunan Stephen Mather, shugaban hukumar gandun daji na farko. A irin wannan daji doka ta hana mota da babur, ta hana ko keke. Mai kwana sai da takardar izini da sunan sansanin da zai sauka. Ayari ba ya wuce mutum 12. Abinci a rataye shi nesa da tanti ko a kulle a gwangwanin da beyar ba ta iya buɗewa, shara kuma ka fito da abarka. Ruwan rafi, duk kyansa, sai an tace. Akwai tulin ƙanƙara mai tafiya fiye da 300 a waɗannan tsaunuka, babu wani gandu a Amurka da ya kai haka in ka cire Alaska, amma masu shiga ainihin gandun ba su cika kai dubu 50 a shekara ba.

A High Bridge muka tarar da matafiyan Pacific Crest Trail, hanyar ƙafa mai tsawon kilomita 4,265 daga iyakar Meziko zuwa ta Kanada. Yawancinsu tun Afrilu suka taso. Tun kafin ka gan su hancinka ya sanar da kai. Sun rame, sun yi baƙi, takalma sun yage, kowa da sandunansa biyu, kuma hirarsu ɗaya ce, gidan burodi. Stehekin ne zangon da da yawansu ke yin guzurin ƙarshe, saura kimanin kilomita 130 su kai iyaka, shi ya sa ɗan gidan wayar ƙauyen yake cike da kwalayen abinci da suka aika wa kansu tun watanni. Wata mata mai furfura, wadda a shekaru ta haife ni, ta ce mana abin da ke ranta shi ne ta isa Kanada kafin dusar Oktoba ta sauko. Na tambaye ta abin da ya fi ba ta wahala, ina jiran ta ce beyar ko hamadar Kalifoniya. Ta ce jiƙaƙƙiyar safa da asuba.

Mu namu bai kai nan ba. Muka kama hanyar da ke hawa daga gadar, bayan kamar kilomita biyu muka iso Howard Lake, ɗan tafki mai ciyayi da agwagin ruwa. Sunan Wilson Howard ne, baƙar fata mai neman ma'adini da ya kama filaye a nan a ƙarshen ƙarni na 19. Shekara da shekaru taswira na ɗauke da wani suna da baƙaƙen Amurka ke ɗauka zagi ne, sai a 2015 gwamnatin tarayya ta yarda aka sauya. Na yi ta tunanin mutumin, shi da jakarsa da diga a wannan lungu, a zamanin da ko jirgin tafkin bai daɗe da farawa ba.

Daga tafkin hanyar dutsen McGregor ke tashi. Ƙololuwarsa mita 2,476 ce, kuma daga gada zuwa can hawan kusan mita 2,000 ne a cikin kilomita goma sha wani abu, hanya tana lanƙwasa hagu da dama ba iyaka. Tun farko mun yanke cewa agogo ne zai mai da mu, domin bas na ƙarshe ba ya jiran kowa. Da farko cikin manyan itatuwa muke, inuwa da ƙamshin ƙaro. Sannu a hankali itatuwan suka gajarce, suka yi nesa da juna, iska ta yi kaifi, gumi yana bushewa tun bai gangaro ba. Cinyoyina suka fara rawa. Yaya, da ya girme ni da shekaru, yana gaba yana tafiya ƙanana-ƙananan taku ba tsayawa, ya ce sirrin ke nan, mai dogon taku shi ke zama. A wani buɗaɗɗen wuri muka juya. Kwarin Agnes ya buɗe a gabanmu, bayansa tsaunuka jere bayan jere, masu tsini, baƙin dutse da farar ƙanƙara a kafaɗa ko da yake ƙarshen rani ne. Babu rufin kwano, babu turken waya, babu hayaƙin girki, iyakar ganinka. Wasu ƙananan dabbobi na ta yin fito a cikin tarin duwatsu, muna jin su ba ma ganinsu. Muka ci burodin kirfa da dabino, muka sha ruwa, muka gangaro. Saukowar ta fi cin gwiwa.

A bas ɗin komawa na zauna kusa da wani dattijo mazaunin kwarin, kuma daga gare shi na ji maganar da ta fi ci musu rai. Da hanyar kwarin ta kai kusan kilomita 37, har sansanin Cottonwood, inda ake kama hawan Cascade Pass, mashigin da ƙabilun Chelan da Skagit ke bi suna cinikayya tun kafin zuwan Turawa. A Oktoban 2003 ambaliya ta cinye hanyar sama da High Bridge kaɗan, kogi ya koma gudu a inda mota ke bi. Dokar 1988 siririn zirin da hanyar ke kai kawai ta bari a wajen kariya, don haka matsar da ita kan tudu na nufin shiga dajin da aka haramta wa inji. Hukuma ta ce ba za ta sake ginawa ba. Mazauna suka kai kuka har majalisar dokoki, a ƙarshen 2014 aka ba da damar gyara iyakar, amma lokacin da muka je ko shebur ba a kafa ba. Dattijon ya ce da yakan kai jikokinsa su yini a gindin manyan tsaunuka su dawo su kwana a gida, yanzu wurin ya zama na matasa masu ƙarfin ɗaukar jaka kwana biyu.

Na tambaye shi ko zai so a fasa titi daga Chelan. Ya dube ni kamar na zage shi. Hanyar cikin kwari suke so, ta waje kuwa ko kyauta ba sa so. A ƙauyukanmu rashin hanya shi ne kuka na farko da ake kai wa ɗan siyasa, domin mai naƙuda a amalanke ake fita da ita. A nan wanda ciwo ya kama jirgi mai saukar ungulu ke ɗauke shi, kuma wanda zaman ya ishe shi gobe da rana zai hau jirgin ruwa. Da wannan gata rashin titi yake zama abin alfahari. Kan hanyar saman kwari dai zuciyata tana wajen dattijon, ko da yake masu cewa kogin zai sake cinye ta ba ƙarya suke yi ba, tunda ya taɓa ɓarnata ta a 1995 kafin ta 2003.

Bayan zuwanmu, a Yunin 2024, gobarar da aka kira Pioneer ta tashi a gaɓar arewa ta tafkin, ta yi makonni tana bin gangare har ta iso bayan gidajen mashiga. Hukuma ta ba da umarnin kowa ya fice, aka dakatar da kai baƙi. Mazauna da yawa suka ƙi tafiya, suka tsaya tare da 'yan kwana-kwana suna share ciyawa da shimfiɗa bututun ruwa daga tafki. Motocin kashe gobarar da aka yi aikin da su, jirgin dako ne ya kawo su daga Chelan, kuma ƙauyen ya tsira.